Mai Riƙe Tsani

Fagge, Kano,
Watan Yuli.

Zuwa ga aminina Cyprian,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Madam Ebere da 'yarka kuma 'yata Chidinma. Yaya ruwa a can Nnewi? Mu nan damina ta kankama, kwatocin Fagge sun cika sun batse kamar yadda suka saba. Matata Ummakulsum tana gaishe ku, ta ce kuma in gaya maka ta yi fushi.

Ni ma na yi. Shekara ashirin da wani abu muna wankin gilashin benayen garin nan, kana hawa ina riƙe tsani, amma ka kwashi iyali ka tafi ba ko sallama. A bakin mai shayin layinku na ji. Wayarka kuwa duk lokacin da na kira sai matar nan ta kamfani ta ce a kashe take, har na haddace muryarta. Shi ya sa na koma irin ta mutanen da, na rubuta na ba direban motar Onitsha a tashar Sabon Gari. Kada ka ce ba ka gane ba, a Kano aka yanke cibiyarka, rubutun Hausa ma ka fi ni.

Na san na'urar wankin gilashin nan ce ta ɓata maka rai, don haka bari in faɗa maka dalilin sayenta. Ka tuna ranar da muke benen Hajiya Mubina na bayan Kantin Kwari, ƙafarka ta kuskure mataki a hawa na uku? Kai ka mai da abin wasa, ka ce takalmi ne. Ni da nake ƙasa, a ƙirjina na ji girgizar tsanin. Tun daga ranar nake ganin kaina tsaye a ƙofar ɗakinku ina neman abin da zan gaya wa Ebere. Na ce a raina gwiwa ce ta fara gajiya, girma ya zo mana. Ni kuma ka san halina, ko kan kujera na hau sai juwa ta ɗebe ni, ba zan iya karɓar ka ba. Sai na sayar da babur ɗina, na je wajen Obinna mai kayan famfo ya sa aka kawo min na'urar daga Legas. Na ɓoye maka ne don in ga fara'arka ranar da ta iso.

Kuma tsakani da Allah, abar tana aiki. Ruwan bohol ɗin nan namu mai gishiri, wanda ke barin farin tabo a gilashi, shi za ka ɗura. Ya bi ta tukwanen tacewa ɗaya bayan ɗaya, ya fito ba gishiri ba ƙasa. Ka tsoma ɗan ma'aunin nan mai kama da biro, ya nuna sifili. Ruwan da ba komai a cikinsa in ya bushe ba ya barin komai, don haka ba omo ba tsumma. Sandar na'urar kuma tana miƙewa har hawa huɗu, buroshi a kanta, siririn tiyo yana kai mata ruwa, mutum yana tsaye a ƙasa abinsa. Yaran Kwari sun ɗauka ruwan fiya wata muka fara sayarwa, har da masu zuwa da kofi.

Kai kuwa rana ɗaya tak ka riƙe ta. Gaskiya ranar ka ba da mu, ka yi ta dirzar bangon Hajiya ga taga can gefe tana jiran ka, masu dako suna ta shewa. Na san ni ma na yi dariya har da riƙe ciki, na ce maka gwanin sama ya zama ɗan koyo a ƙasa. In dariyar ce ta ƙona maka rai, ka yi haƙuri, ai mun yi wa juna wadda ta fi ta. Hannu ne, sati ɗaya ya ishe ka ka saba.

Ka huta ka dawo. Aiki ya taru, ni kuma ba na jin daɗin cin abincin rana ni kaɗai.

Naka har kullum,
Halilu.

Fagge, Kano,
Watan Satumba.

Cyprian,

Ina gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya, Madam da Chidinma da dangi baki ɗaya. Mu ma lafiya, sai godiya.

Direba ya rantse min a hannun Chidinma ya damƙa takardata. To, shiru ma magana ce, na kuwa ji ta. Jiya na bi ta layinku na ga an cire labulen ɗakinku, mai gidan ya ce Ebere ta aiko za ta zo ta kwashe sauran kaya. Na tsaya a bakin rariya kamar wanda aka aika ya manta saƙo. Ashe ba hutu ka tafi ba.

Me za ka yi a Nnewi? Garin da kai kanka baƙo ne, in ka je Kirsimeti kwana biyar ka fara waya kana cewa in ajiye maka gurasa da tsire? Wa ka sani a can? Wa zai yi maka tsiya da safe?

Na zauna na yi ta juya abin. Ina jin ka ɗauka na kawo na'ura ne don in nuna maka mutum ɗaya ya isa. Wallahi in haka ne ka zalunce ni. Gaskiya ne mutum ɗaya yana iya aikin, ga shi ina yi. Na gama otal ɗin titin Faransa kafin azahar, aikin da a da muke kai wa la'asar, gilashi yana ta walƙiya, manaja har da yaba min. Na naɗe tiyo na zauna a inuwa, na rasa wanda zan gaya wa. Hannuna ma bai san abin da zai yi da kansa ba, ya saba da riƙon ƙarfe.

Duk inda na je sai an tambaye ni ina mutumina. Hajiya Mubina ta ce ita ba ta yarda da wankin da ba a ƙwanƙwasa mata taga an gaishe ta. Nakan ce musu ka je gida ganin dangi, kana nan tafe.

Ga magana ta ƙarshe. In na'urar ce ba ka so, zan rufe ta da buhu in tura ƙarƙashin gado, ko in mayar wa Obinna. Tsani yana nan a soro, na shafa masa mai. Gara in ci gaba da faɗuwar gaba a gindinsa da wannan kwanciyar hankalin da ba ka a ciki. Ka rubuto ko layi ɗaya ne, ko zagi ne ina so.

Ni ne,
Halilu.

Fagge, Kano,
Watan Oktoba.

Ɗan'uwana Cyprian,

Ina yi maka sallama da fatan alheri. Yaya jiki? Yau tambayar da gaske nake yin ta, ba ta al'ada ba. Chidinma, 'yata, na san yanzu ke ce mai karanta masa. Sannu da ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka. Ki karanta masa duka, kada ki tsallake komai.

Madam Ebere ta zo. Ta so ta kwashi kaya ta wuce ba mu sani ba, Ummakulsum ta ritsa ta a Kasuwar Singa ta jawo ta gida. Ta ce ka sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba. Kada ka ga laifinta, ta riƙe har aka ci abinci aka sha ruwa. Da ta zo fita ta ga tsanin a soro, sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Hawan jinin ido. Ta ce ya fi shekara biyu yana cin ka daga gefe, kamar ana rufe ƙofa a hankali, likita kuma ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tare sauran. Shekara biyu, Cyprian! Kullum muna tare, kullum ina kallon ka daga ƙasa, ban gani ba. Cikinmu waye makahon?

Yanzu komai yana dawo min. Yadda kake shafa gilashi da tafin hannu kafin ka sa tsumma, ina yi wa mutane alfahari wai ƙwarewa ce. Yadda ka daina tuƙa babur ka ce baya ne. Yadda kake kira na Malam daga sama, ka ce in duba maka ko an bar wani wuri, ni kuma in ce kusurwar dama, in ce ƙasa kaɗan. Na ɗauka girmama ni kake yi, don kada mai riƙe tsani ya ji ba shi da amfani. Ashe da idona kake aiki.

A kan tsani hancinka yana dab da gilashi, hannunka yana gaya maka inda datti yake. Ni kuma na zo na sauko da kai, na ba ka sanda, na ce ka wanke tagar da ke can sama wadda ba ka ko hango ta. A gaban masu dako, a tsakiyar Kwari. Na so in tsare maka ƙafa, na tona maka asiri. Ebere ta ce da ka koma gida ranar ba ka ci komai ba, washegari ka ce a haɗa kaya.

Amma kai ma ka yi min laifi, ba zan ɓoye ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na yarda, amma ni ne za ka ɓoye wa? Ni da ka kwana biyu a asibiti tare da ni lokacin haihuwar autanmu? Ni da na ɓuya a ɗakinka shekarar da gari ya rikice, kai ma ka ɓuya a nawa? Ka hau hawa uku ba ka gani, ranka a hannuna, ka ƙi gaya min abin da nake riƙe da shi. Da ka faɗo fa?

Ka saurare ni. Abin da muke yi a da ba mu sani ba, mu yi shi yanzu muna sane. Kai ka riƙe sanda, ƙarfin kafaɗa ai naka ne, ni tawa ta fara ciwo. Ni in tsaya a bayanka ina cewa dama, hagu, sama kaɗan. Ba mai faɗuwa, ba mai dariya, wanda ya yi kuma ya gamu da ni. Asibitin ido ma ga shi nan kusa, ni zan riƙa kai ka. Ummakulsum ta ce ɗakin soro naku ne har ku sami wani.

Ka dawo gida. Allah ya ba ka lafiya, ya tsare abin da ya rage.

Ɗan'uwanka,
Halilu.

Fagge, Kano,
Watan Disamba.

Aminina Cyprian,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Madam da Chidinma. Yaya jiki, yaya shirin Kirsimeti? Allah ya kai mu lafiya.

Amsarka ta iso. Rubutun na Chidinma ne amma taurin kan naka ne, ban yi shakka ba. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune.

Ka ce ba dariyata ce ta kore ka ba, kuma na'urar ita ce alheri mafi girma da aka taɓa yi maka, don da ba ta zo ba da sai ƙasa ta karɓe ka kafin ka sauko da kanka. Ka ce idon hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama kuma saura kamar kafar allura. Ka ce ba za ka iya a ja ka da hannu a titin da yara suke ɗaga kai su kira sunanka ba. Na so in yi musu, na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na daina roƙon ka. Wannan ne abu mafi wuya da na rubuta a rayuwata, amma ga shi na rubuta. Shekaranjiya ina wanke benen Hajiya ta leƙo ta sake tambaya yaushe za ka dawo. Na buɗe baki zan yi mata ƙaryar da na saba, sai na ji na ce ba zai dawo ba. Ban san ina kuka ba sai da ta sauko da kanta ta karɓi sandar daga hannuna ta jingine. Dattijo da furfura, a bakin titi. Ta ce a gaishe ka, ta ce Allah ya sa kaffara ne.

Saura abu ɗaya da ka nema, shi kam ba ka samu ba. Ka ce kada in zo, ba ka so in gan ka haka, in riƙe ka a raina yadda na san ka. A'a. Wannan ba kai za ka yanke ba. Na riga na kama kujera a motar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ban taɓa tsallake kogin Kwara ba, Ummakulsum tana ta tsorata ni da tsawon hanya, amma ta cika min jaka da kilishi da gurasa ta ce naka ne.

Chidinma, ki zo ki tare ni a tasha ranar Asabar, ban san kowa ba a garinku. Kai kuma ka zauna inda kake, kada ka wahalar da ɗan abin da ya rage wajen neman fuskata, ba ta canja ba, muninta yana nan. Za ka ji sallama daga bakin ƙofa. In ka ga dama ka amsa. In ba ka amsa ba ma shigowa zan yi.

Naka, a Kano ko a ko'ina,
Halilu.