Tagwaye a Kati Ɗaya

Litinin, 3 ga Fabrairu

Saura kwana goma sha ɗaya mu miƙa manhajar rigakafin yara ga asibitoci shida. Nawa ɓangaren na gama tuni: rajista, da sashen da ke haɗe katin yaro idan an yi masa rajista sau biyu.

Yau Manaja ya kawo sabuwar mai gwaji. Ta haura hamsin, tabarau rataye a wuya, ƙaramin littafi a hannu. Wai shekara ashirin ta yi tana aikin jinya kafin ta koyi kwamfuta. Kowa Anti yake ce mata. An ba ta teburin da ke jikin nawa. Ta gaishe ni, ta tambayi iyali, sannan ta ce, "Ƙanena, a cikin aikinka wane wuri ne ka fi tsoron ya lalace?" Na ce babu. Ta rubuta wani abu a littafin. Me ta rubuta, oho.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na nuna mata abin da nake taƙama da shi. Gwaji ɗari huɗu da goma sha biyu, ƙirƙirarriyar basira ta rubuta min su a yini ɗaya. Duk wanda ya taɓa manhajar, na'ura za ta bi su da kanta, cikin minti shida allo ya yi kore idan komai lafiya, ko ja idan da matsala. Namu kullum kore.

Ta yaba, kuma har zuciya. "Kai, wannan abu da kyau yake. Da da hannu ne, mako biyu za mu kwashe." Sai ta ce in ba ta izini ta ɓata wani abu. Ta shiga inda ake lissafin shekarun yaro, ta mayar da mako shida ya zama wata shida. Da gangan. Muka jira. Kore. Ta ɓata wani wurin. Kore. Wuri goma ta lalata, uku kawai gwajin ya kama.

Ta ce na'urar ta karanta abin da na rubuta ne, ta yi gwajin da ya yarda da ni, har da kurakuraina. Akwai ma manhajar da aikinta ke nan, ta riƙa ɓata rubutun manhaja ɗaruruwan wurare don a ga ko gwajin zai farka. Kafin a tashi ta ɗora mana ita.

Gaban kowa fa.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Gaisuwa kawai ta haɗa mu. Ita ko a jikinta.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na kai wa uwargida ƙara. Tana ninke kayan yara tana ji. Da na gama ta ce, "To, Baban yara, ƙarya ta yi maka?" Na ce ba maganar ƙarya ba ce. Ta ce, "Maganar mece ce?" Na fita duba mota.

Talata, 11 ga Fabrairu

Ban yi niyyar kallo ba, amma teburin a jikina yake. Ba ta amfani da sabuwar wayar ofis. Wata tsohuwa ta zo da ita mai tsagaggen gilashi, irin wadda ta ce ma'aikatan asibiti ke riƙewa. Tana danna maɓalli sau biyu a jere. Tana kashe intanet ana tsakiyar ajiye bayani. Har safar hannu ta sa, ta riƙe jakarta a ɗaya hannun kamar jariri, wai haka aikin yake idan layi ya kai bakin ƙofa. Ban taɓa ganin mutum yana tambayar manhaja irin wannan tambayar ba. Hannunta ba ya gaggawa, kuma ba ya tsayawa.

Wajen azahar ta ce, "Ƙanena, leƙo." Ta yi wa tagwaye rajista. Uwa ɗaya, lambar waya ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, sunaye kusan iri ɗaya. Sashena ya ɗauka yaro ɗaya ne aka shigar sau biyu, ya haɗe su. Kati ɗaya. Ta yi wa na farko allura a manhajar, ta nemi na biyu: an riga an yi masa.

Ta ce, "Ma'aikaciyar safe za ta gane, tana ganin yaran. Wadda za ta zo bayan wata guda, allo kawai za ta duba, ta sallami uwar."

Ga abin da ban gaya mata ba. A watan jiya akwai gwaji ɗaya da ke ƙirƙiro yaran bogi barkatai yana shigarwa. Sau ɗaya cikin goma sai ya yi ja. Na ce mai rawar kai ne, yana ɓata mana lokaci, na kashe shi. Yanzu na koma na duba. Duk lokacin da ya yi ja, yara biyu ne suka faɗo gida ɗaya, rana ɗaya. Wata guda yana ƙwala min kira.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Taro. Manaja ya ce jibi za a miƙa, ya riga ya yi alkawari, tagwaye nawa ne ma a duniya. Anti ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a asibitin da ta yi aiki ba a wata biyu ba a kawo su ba, kuma su ne aka fi haifa ƙanana, su suka fi buƙatar allurar. Ta ce, "Mun kasa gano matsalar a gwaji," ba ta kalle ni ba. Kuma na tabbata ta ga sunana a jikin gwajin da aka kashe, komai a rubuce yake.

Wannan "mun" ɗin ne ya tsaya min a wuya. Sai na ji bakina yana cewa ni na kashe. An ɗaga mako guda. Manaja ya ce shi zai kira asibitocin, ni kuma kar ya ƙara jin an kashe gwaji ba a tambayi dalili ba.

A matakala ta ce, "Ka kyauta." Shi ke nan. Ta wuce.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Ta hana ni taɓa gyaran sai na fara rubuta gwajin tagwaye na ga ya yi ja da idona. Sannan na gyara: manhaja ba za ta ƙara haɗe kati da kanta ba, sai ta tambayi ma'aikaciya. Ya koma kore. Wannan koren daban yake, ban san yadda zan faɗa ba.

Ashe ita ma da ƙirƙirarriyar basirar take aiki, har ta fi ni. Ta karanta mata daga littafinta: yaron da ba a san ranar haihuwarsa ba, uwar da ta canza layin waya, kakar da ta kawo jikoki uku. Na'ura ta rubuta, ita ta bi ɗaya bayan ɗaya, ta watsar da kusan rabi.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

An miƙa. Ban ci abincin rana ba.

Talata, 4 ga Maris

Saƙo daga ɗaya daga cikin asibitocin: tagwaye sau biyu, da 'yan uku. Kowa da katinsa. Anti ta karanta, ta cire tabarau ta goge, ta ce a duba dalilin da shafin rajista yake nauyi a tsohuwar waya.

Alhamis, 6 ga Maris

Manaja ya ce aiki ya yi wa Anti yawa, ana son mutum ɗaya daga cikinmu ya koma wajenta wata uku. Kowa ya sunkuyar da kai. An san dai masu gwaji ba a kiran sunansu ranar yabo.

Ni na ɗaga hannu ne don taron ya ƙare. Wata uku kawai, kuma ni mai rubuta manhaja ne, wannan bai canza ba. Na dai tambaye ta ƙarfe nawa take farawa. Ta ce bakwai da rabi. Na gaya wa uwargida daga Litinin ita za ta riƙa kai yara makaranta.