Ɗan Littafin da Na Bar wa Ruwa

Agege, 4 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Hansai,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da yara. Ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Takarda na zaɓa, don in na ji muryarki a waya kuka ke cin ƙarfina.

An sallamo maigidana, Baban Mouna, daga asibiti, wata biyu bayan motar haya danfo ta buge shi a Iyana Ipaja. Yana tafiya, yana cin tuwo, har tsokanata yake yi. Amma Yaya, kan bai dawo duka ba. Kin san aikinsa rubuta wa kwamfuta umarni ne. Ya ce ya san abin da yake so ta yi sarai, yadda ake rubuta shi ne ya ɓace masa. Kamfaninsu na Ilupeju sun ba shi mako shida, sannan su gwada shi. In ya kasa, aiki ya tafi. Ɗakin aikinsu kuwa ba a shiga da waya, ba intanet, sai dai littafi.

Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Haoua

Agege, 19 ga Yuli

Yaya,

Ina gaishe ki, ya gida, ya damina? Ni dai ina cikin wani hali, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa.

Yana asibiti aka yi ruwan nan da ya shigo mana ɗaki har gwiwa. Na goya Mouna, na kwashe manyan littattafansa guda biyar na ɗora kan kabad, ina jin na yi abin kai. Akwai wani ɗan mitsitsi, bango a yage, duk ya sha rubutun alƙalamin bik a gefe. Wallahi na gan shi da idona, na ce wannan tarkace ne, na bar shi. Da safe ya zama kunu, na share na zubar.

Jiya Bonat, abokin aikinsa, ya zo duba shi, ya tarar yana fama da wani littafi mai shafi ɗari tara, kansa na sarawa. Bonat ya ja ni gefe ya ce manyan nan na mai koyo ne, surutu ya yi musu yawa. Wanda ya riga ya iya aiki tuni kawai yake buƙata: kowane umarni layi ɗaya, misali ɗaya, ka duba ka wuce. Ya ce in ɗauko masa ɗan ƙaramin nan da ba ya rabuwa da shi shekara goma, wanda ya rubuta dabarunsa a gefe.

Kaico! Ni da nauyi na auna su, kamar mai sayen doya. Na kasa faɗa wa Bonat, na ce zan duba.

Taki,
Haoua

Agege, 20 ga Agusta

Yayata,

Da fatan kun wayi gari lafiya. Na ga saƙonki, kuma na yi yadda kika ce, na faɗa wa Baban Mouna da Bonat gaskiya. Bonat ya samo sabon ɗan littafi irin wancan a Ikeja. Ya yi amfani ƙwarai. Da Baban Mouna ya buɗe shi sai hannunsa ya sake, yana dubawa yana bugawa, har na ji shi yana 'yar waƙa. Sai dai lokaci lokaci yatsansa kan tafi gefen shafi, ya tarar da wurin fari fat.

Ranar Litinin aka yi gwajin. Cikin aiki biyar ya gama uku. Bonat ya ce sauran biyun irin waɗanda yake da gajeriyar hanyarsu ne a tsohon. Sun sallame shi, Yaya.

Na so ya yi mini faɗa, ko na ji sanyi. Bai yi ba. Cewa ya yi na ɗauki masu nauyi da goyo a bayana, Allah ya saka mini. Wannan maganar ta fi zagi ciwo.

Yau da hantsi ya nemi bik, ya zauna bakin ƙofa zai fara cike gefen sabon. Har azahar yana nan. Da na kai masa abinci na leƙa, shafin farko ne a buɗe, bai rubuta komai ba.

Ki gaishe da Inna, kada ki faɗa mata tukuna.

Ƙanwarki,
Haoua