Matafiyan da Ke Kwance a Zangon Tsamiya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Karkara ta filayen gabashin Kogin Nilu, ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Allah Ya ja zamaninka.

Sunana Sani Tela, ɗan marigayi Malam Isa na Zangon Tsamiya. Ina zaune a Ammariyya cikin Jidda, shekara goma sha huɗu ke nan ina ɗinkin jallabiya. Sau uku ina aiko maka da takarda ta hannun alhazai masu komawa gida. Biyu shiru, kamar an aiki Bawa garinsu. Ta ukun ta dawo da layi ɗaya, wai babu gari mai suna Zangon Tsamiya a littafin majalisa. Shi ya sa na rubuta wannan a buɗe, ko Allah Zai sa wani ya karanta maka.

Na farko, ga abin da ya hana ni sakat. Iƙamata, wato takardar izinin zama a nan, za ta ƙare bayan hajjin bana, kuma ba a sabunta ta sai da fasfo. Takardar alhazan da na shigo da ita an daina karɓar irinta. Masu ba da fasfo sun ce in kawo shaida daga majalisar da aka haife ni a ƙasarta. Kafilina, mutumin da ya tsaya mini, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ya ce in wa'adi ya cika halas, wato shi ke nan, hannunsa bai kai nan ba. Matata da 'ya'yana huɗu duk a kan takardata suke rataye.

Na biyu, garin yana nan, ranka ya daɗe. In ka bar tashar jirgin ƙasa ka fuskanci gabas, wuni biyu ne a kan jaki. Ba dutse, ba tudu, sai ciyawa iya ganinka, wadda da damina take shanye mutum har da rawaninsa. Can za ka hango tsamiya guda tilo, da bukkoki a gindinta. Ban ce babban gari ba ne. Ko sa'ad da yake ganiyarsa bai wuce gida ashirin ba, yau kuwa shida suka rage, kuma maƙwabcinmu mafi kusa sai ka yi tafiyar hantsi kafin ka ji carar zakaransa. Amma a gindin tsamiyar nan aka yanke cibiyata, kuma yayana Habu yana can har yau yana noman dawa.

Na uku, zan faɗi yadda aka yi, ko da yake laifin a kaina zai faɗo. Iyayenmu daga ƙasar Hausa suka taso da ƙafa, za su Makka. Guzuri ya ƙare, suka yada zango don su yi damina ɗaya. Damina ɗaya ta zama arba'in. Amma a wurinsu abin kunya ne, kusan saɓo, mutum ya ce ya zauna, domin wanda ya ce haka ya warware niyyarsa ta hajji. Shi ya sa ba mu gina ɗakin ƙasa, sai na kara da ciyawa. Ko aure ake ɗaurawa, addu'ar ita ce Allah Ya ida mu hanya. Tsohon da ya yi shekara talatin bai taka bayan tafki ba, ka tambaye shi, zai ce maka gobe-jibi zai tashi.

Shekarar da aka zo ƙirga mutane, daf da tafiyar Turawa, magatakardanku ya iso a kan raƙumi, a gajiye. Mahaifina ne babba a garin, ni kuma na fi kowa Larabci, sai na zama tafinta. Ina da shekara talatin a lokacin, da gemuna, ba zan fake da ƙuruciya ba. Magatakarda ya tambaya ko mu mazauna ne. Baba ya ce mu baƙin Allah ne, muna kan hanya. Na mayar da maganar Larabci yadda take, har ina jin daɗin iyawata. Mutumin ya dubi bukkokin kara, ya rubuta mu a shafin masu wucewa, ya sha ruwanmu, ya hau raƙuminsa. Ba ya da laifi. Bakina ne ya shafe garinmu, kuma wallahi duk ranar da na tuna sai in ji kamar in tsaga ƙasa in shige.

Na huɗu, a duba wannan. Matafiyi ba ya haƙa rijiya gaba ashirin. Mu mun haƙa, ni na riƙe igiya Habu yana ciki. Makiyayan da ke shayar da raƙumansu a wurinta sun san sunan mahaifina. Bayan tsamiya kuma akwai maƙabarta, kaburburanta sun ninka gidajen garin sau da yawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk gidanmu ni kaɗai Allah Ya nufa na ƙarasa hanyar da suka ɗauko. Na iso, ga shi ana shirin cewa in fita. 'Yata ƙarama, da ke jin Hausa tana amsawa da Larabci, ta tambaye ni in an sa mu a jirgin ruwa ina za mu ce a sauke mu. Ƙasar Hausa ban taɓa ganinta ba, ƙasar da na sani kuma ta ce ba ta san ni ba.

Don haka ina roƙo, don Allah don Annabi. A tura mutum ɗaya kafin laka ta rufe hanya, ya ga rijiyar, ya ji bakin Habu da na makiyaya. In shigar da garin cikin littafi zai yi wuya, na haƙura, a rubuta mini layi ɗaya da hatimi cewa an haifi Sani ɗan Isa a ƙasar majalisarku. Ba ni da wanda zan kai ƙara, ba ni da ƙarfin zuwa da kaina, domin in na fita babu takardar da za ta dawo da ni.

In ɗan aikenka ya je, a nuna masa kabari na uku daga gindin tsamiya. Mutumin da ya ce wa magatakardanku yana kan hanya ne a ciki. Shekara goma sha shida ke nan bai gusa ba.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya kare zuriyarka daga ranar da za a tambaye su garinsu su rasa amsa.

Wassalam.

Sani Tela ɗan Malam Isa,
Ammariyya, Jidda.