Aikin Kawu Ya Iso Bayan An Rufe Ƙofa

Innata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar? Yaya jikin Kawu tun da aka sallamo shi?

Na ga saƙonki. Bari in yi miki bayani, tunda har yau kina gaya wa maƙwabta wai gyaran talabijin nake yi. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta muke ginawa, mu ɗaruruwa har da Kawu, kyauta. Duk wata shida muke fitar da sabuwa. Idan ya rage mako shida a fitar, sai a rufe ƙofa: ba a karɓar sabon aiki, sai gyaran kurakurai. A wannan zagayen ni aka ba riƙon ƙofar.

Ranar Alhamis na rufe, aikin Kawu ya iso Asabar. Na san a gadon asibiti ya yi kwanakin. Na san shekara biyu yana fama da shi, don tsofaffin injinan buga takardu na makarantu su ci gaba da aiki. Kin ce yayanki ne, shi ya fara ɗora hannuna a kan kwamfuta, in kawar da kai. Inna, mutum huɗu na mayar a makon nan. Da wane ido zan kalle su?

Akwai hanyar alfarma idan aikin ba shi da aibi. Zan gwada shi. Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Auta

Innata,

Ina gaisuwa. Allah ya sa an kwana lafiya, ya ƙara wa Kawu sauƙi.

Na jera tsofaffin kwamfutoci uku a kan teburin cin abinci, har surukinki ya koma cin nasa a tsaye. A kan biyu aikin ya tafi sumul, sai da na yi ƙwalla. Ta ukun kuwa da an haɗa injin sai ta ƙame, ko motsi. Kwana huɗu ina neman inda ɓarakar take, ban gano ba. Irin wannan kwamfutar ce cike da makarantun da yake son taimaka wa.

Ɗazu na rubuta masa a zaurenmu na intanet da kowa ke karantawa cewa sai zagaye na gaba. Sau bakwai ina gogewa. Bai amsa ba, ni kuma na kasa kiransa. Tsoro nake ji, Inna. Me ya ce miki? Ya ci abinci?

Taki,
Auta

Innata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ku duka?

Kawu ya amsa da safe. Babu faɗa, babu gori. Ya yi godiya, ya nuna wuri uku da yake zargi, har da tsokanata cewa na fi shi taurin kai. Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki.

Sai da na buɗe aikin na ga abin da ya canza. A saman kowane aiki akwai layin da ake rubuta wanda zai kula da shi nan gaba. Ya goge sunansa, ya sa nawa. Mutumin da ko biro ba ya ba da aro.

Jiran wata shida ne kawai zuwa zagaye na gaba, Inna. Don Allah, me likita ya gaya muku da kuke ɓoye mini?

Gobe ina hanya.

'Yarki,
Auta