Shinkafar da Baba Ya Kusa Binnewa

Yayana,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kai da maiɗakinka da yara kuna lafiya. Ya hayaniyar birni? Mu ma lafiya lau, sai dai ruwa.

Kogi ya sake ɓallewa, ya shanye gonarmu ta ƙasa, ko kan shinkafa ba a gani. Ka san Baba ya rantse tun bara: in ambaliya ta ƙara cinye masa shuka, zai bar noma ya dawo wurinka da zama. Ni kuwa tsoro nake ji. In aka raba Baba da gonar nan, ba zai daɗe ba.

Bana na lallaɓa shi ya shuka wani sabon irin shinkafa. Malamin gona ya ce ita ba ta gajiyar da kanta wajen miƙa wuya sama don ta fito daga ruwa kamar tsohuwar shinkafarmu. Lafewa take yi a ƙarƙashin ruwa, ta adana ƙarfinta, ko da za ta yi kusan mako biyu. Baba ya ce shi dai bai taɓa jin shinkafa ta zama kifi ba.

Ka gaida kowa.

Taka,
Auta

Yayana,

Bayan gaisuwa, ya jikin ƙaramin naku?

Ruwa ya janye, ya bar shinkafar kwance cikin laka kamar tsumma. Ka san halin Baba, ba ya zaman makokin shuka. Ruwa na tafiya yake sa garma ya kife, ya dasa dankali, kada damina ta tafi a banza. Da na isa gona har ya kife rabi. Na tono tushe ɗaya na nuna masa saiwar tana nan fara tas, ya ƙi kallo. Sai na zauna daɓas a gaban shanun garmar.

Tunda nake ban taɓa tare wa Baba hanya ba. Ya kwance shanunsa ya tafi, har yau ba ya amsa gaisuwata. Abin yana ci min rai, Yaya. In shinkafar nan ba ta tashi ba, ni na hana shi dankali.

Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Auta

Yayana,

Ina gaida ku da kyau. Ka yafe min dogon shiru, girbi ne ya riƙe ni.

Rabin da na zauna wa ya tashi, ya yi 'ya'ya har yana sunkuyawa. Zai kai mu wata damina in mun yi tattali. Baba bai ce na yi daidai ba, ka san shi. Amma na gan shi tsaye a kan iyaka, yana kallon inda ya kife da hannunsa, yana share ido da hula. Tausayinsa ya hana ni yi masa tsiya.

Jiya ya kira ni, muka zaɓi zangarniya mafi cika, ya rataye a ɗakinsa, ya ce irin baɗi ne, kada kowa ya taɓa.

Don haka ka mayar wa yara ɗakin da ka share masa. Baba ba ya zuwa.

Taka,
Auta