Mai kemis ya ce sanyi ne, na fasa wa 'yata baki

Anti, a taimaka mini. Ku kuma iyaye mata masu karanta wannan fili, kada shirun yarinya ya ruɗe ku, ku riƙa duba abin da take ɓoyewa.

Ni ban yi sake da tarbiyya ba. 'Yata ta fari shekarunta sha tara, tana koyon ɗinki. Tun da ta balaga na sa ta tsarki har ciki da sabulun kashe ƙwayoyin cuta, safe da yamma. Makon jiya na ga tana soshe-soshe. Na zaƙulo kamfanta a ƙarƙashin katifa, ga wani farin abu guda-guda kamar madarar da ta tsinke. Na kwatanta wa mai kemis, ya ce sanyi ne. Sanyi! Mu dai mun taso mun san inda ake kwaso shi.

Ban san lokacin da na fizgo wayar dutsen guga ba. Na zane ta har bayanta ya fashe, na shaƙe ta na ce sai ta faɗi sunan namijin, na hankaɗa ta, bakinta ya daki keken ɗinki, haƙori ya karye. Tana tofar da jini tana rantsuwa ba ta taɓa sanin namiji ba. Kwana shida ke nan ba ta ce mini Umma ba, in na shigo sai ta kare fuska da hannu. Na dai yanke: babu waya, babu zuwa shagon ɗinki, sai ta amsa laifinta. Amma rantsuwar nan ta tsaya mini a rai. Shin akwai wata hanyar kamuwa?

Uwa mai takaici

Uwa mai takaici, akwai. Kalmar sanyi buhu ce, an zuba cututtuka daban-daban a ciki. Farin abu mai guda da ƙaiƙayi galibi ba ya buƙatar namiji. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, ciwon suga, kamfai mai riƙe zufa, duk suna jawo shi. Wanke ciki da sabulu ma yana kawar da ƙwayoyin da ke tsaron wurin, don haka a daina. Wanke waje da ruwa kawai ya isa. Ruwan gaba mai ƙarni kamar kifi wani ciwo ne daban. Rawaya ko kore da ciwon mara yakan zo ta saduwa, amma shi ma ba ido ke yanke hukunci ba.

Tsoronki na uwa ne, na fahimta. Amma abin da kika yi zalunci ne, ko da ta yi laifin. Shaƙa tana kisa.

Yau ki kai ta asibiti, ko ki bar wata 'yar'uwarki ta raka ta idan tana tsoronki. A duba maƙogwaro, baki da baya. Likita za ta yi mata tambayoyi ita kaɗai, ta ɗibi ruwan da ɗan auduga a gwada, a duba fitsari da suga. Ki janye takunkumin, ki nemi gafararta kafin sakamako ya fito, ba bayansa ba. Dokar gidanki daga yau: ciwo asibiti ake kai shi, ba a dukansa.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya sanyaya zukatanku.