Kuɗin Aiki Sun Ratsa Birni Ba Su Sauka Ba

Zuwa ga mai girma shugaban masanan da gwamnati ta ɗora wa tsara sababbin gine-gine a ƙasar Damagaram, a can Yamai.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka, da iyalinka, da abokan aikinka baƙaƙe da farare. Mai wannan takarda shi ne Abdu ɗan Maina magini, na cikin Birni, wanda mutanen unguwa ke kira Rabin-Komi. Sun sa mini sunan ne don na yi lakwal, wato makarantar boko, shekara uku aka sallame ni, na fito da rabin Faransanci, da rabin lissafi, da cikakken baki. Sana'ata rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwa. Yau tawa nake rubutawa, babu mai biyana. Na sa a buga ta a fili saboda wadda na aiko a rufe bara, har yau ban san ko ta iso ba, ko wani ya ƙunshe ƙosai da ita.

Bari in fara da abin da na jawo wa kaina, kada ka ji shi a bakin wani. A bazarar da ta wuce na samo buhun siminti a hannun wani direban kamiyo, babbar motar kaya, na ce ni ma gidana zai shiga zamani. Na kira ɗana Ila, wanda magini ne, na ce ya shafe mini katangar tsakar gida da shi. Katangar ta ƙasa ce, ginin kakansa. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, “Baba, in umarni ne zan yi. In kuwa shawara ce, ka sayar da buhun.” Na ce ba na neman shawarar wanda bai taɓa zama a benci ba. Na naɗe hannun riga na yi yaɓen da kaina. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo, ina tsaye ina yi musu bayani, rabi da Faransanci. Da aka yi ruwa mai ƙarfi na farko, sai ya bi ta bayan simintin, yaɓen ya ɓallo gaba ɗaya kamar ƙyauren ƙofa, ya kwanta a kan randunan uwargida Mariyama. Ka san darajar randa cike da ruwa a garin nan mai ƙarancin ruwa. Mariyama ta fito ta tsaya a kan ɓaraguzan, ta ce, “Sannu da aiki, injiniya. Saura ka yi mana rufi.”

Na faɗi wannan ne don ka san mai rubuto maka ba maƙiyin siminti ba ne, kuma bai fi ku sani ba. Ni ma na ɗanɗana zama masani na 'yan kwanaki, na ji daɗin abin: kai ke tsarawa, randar wani ke fashewa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Ila ya ce da an gama girbin bana zai kwashe matarsa da 'ya'yansa ya koma Kano, domin babu aiki a nan. Ga abin da nake so ka sani.

Na farko, yadda aikin gwamnati yake a da. Kada ka ce tsoho ne ke kewar Nasara. Aikin tilas na san shi, na ga bayan ubana ranar da ya dawo daga fasa dutse, ba na roƙon Allah ya maimaita. Shekarun da nake nufi su ne na bayan an hana shi, kafin a sauke tutarsu a ɗaga tamu, lokacin da aka fara sakin kuɗi don gina ajujuwa da gidajen likita da rijiyoyi, kuma ana biyan mai aiki. Yawancin waɗannan gine-gine a wajenmu da ƙasa aka yi su, da tubali da azara, hannun maginan Birni. Ubana na cikinsu. Har yanzu ina ganinsa zaune a kan katanga kamar mai hawan raƙumi, ana jefo masa tubali daga ƙasa yana cafewa ba tare da ya duba ba, yana yi wa mai jifan ba'a: “Kai, da wannan hannun kake neman aure? Wa zai ba ka 'ya?”

Ginin ƙasa kuwa yana da hali irin na jariri, kullum a hannu yake. Kowace shekara kafin ruwa sai an sake yaɓe, an gyara indararo, an toshe inda ya tsage. To, ranka ya daɗe, dubi inda kuɗin wannan gyara suke bi. Masu jakuna su kawo ƙasa da ruwa. Marina su sayar da katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar baba, majema su sayar da gashin da suka kankare daga fata, domin da su ake haɗa laso, shafen da ke hana ruwa shiga. Mata su jiƙa ɓawon ɗorawa su yi makuba, su kuma zo daɓen ƙasa a jere, suna buga madaɓi suna waƙa, suna zagin mazansu a cikin waƙar, mu kuma muna yi kamar ba mu ji ba. Mutanen ƙauyukan Dogo da Dakusa, da sun kai gero rumbu, sai su shigo gari su sauka a zaurukanmu su yi cin rani a nan kusa, in wani nasu ya rasu a ƙauye su isa kafin a rufe shi.

Ranar Asabar da yamma, ranar biya, Birni ba ta da na biyu. Mai tsire ya san sai ya ƙara yanka. Tela yana ɗinki har ya manta da la'asar sai an tuna masa. Mai fura ta daina bin mutane da harara. Ni kaina ina samun rabona, don duk wanda ya karɓi albashi yana son a rubuta wa tsohuwarsa cewa yana lafiya kuma ga saƙo. Dala ɗaya sai ta kwana a gida biyar kafin ta bar unguwa, in ma ta bari. Ba mu san wannan abu yana da suna a littattafanku ba. Mu dai mun san ana cin tuwo da miya mai nama.

Na biyu, yadda abin ya koma. Da aka sami 'yanci, aka yi shela a rediyo cewa gwamnatinmu ta ware kuɗi masu yawa don ayyuka, musamman domin matasa su sami abin yi a gida. Ni na fassara wa unguwa abin da rediyon ya ce, na ƙara gishiri daga aljihuna. Har rawa na taka a ƙofar gida, abin da ban yi ba ko ranar aurena. Aiki kuwa ya zo, ban ce ƙarya kuka yi ba. Ga ajujuwa can sun tashi, farare tas, rufin kwano yana ƙyalli. Amma siminti daga bakin teku ya zo, kwano da ƙarfe daga bakin teku, injin kwaɓawa daga ƙasar Nasara, maginan kuma daga nesa, kowa da takardar shaidarsa. Ila ya je shantiye, wato wurin ginin, da sassafe neman aiki, aka ce ina takardarsa. Ya nuna musu soron da ya gina a tsallaken hanya, suka ce ba a iya ninke soro a sa a aljihun tebur. Abin da ya samu shi ne ɗibar ruwa na 'yan kwanaki, shi da aka horar tun yana yaro a gaban kakansa. Kamiyo ya shigo cike da kaya, ya fita cike da kuɗin. Mai tsire yana ganin ƙurarsa kawai. Mutanen Dogo yanzu ba sa sauke kayansu a zaurenmu, tasha suke wucewa kai tsaye.

Na uku, zuwan masananku. Ni aka ɗauka tafinta, don komi, wato akawun gwamnati, da ya kamata ya yi yana fama da haƙori. Na ari kostim, wato kwat da wando, na ɗaura karabat a wuya har na kasa haɗiye yawu. Dattawan magina suka sa manyan rigunansu, suka zauna a inuwa tun hantsi, kowa ya shirya abin da zai faɗa. Baƙin suka sauko daga mota, suka auna fili, suka leƙa ta cikin wani madubi mai ƙafa uku, suka yi rubutu. Da suka juyo wajenmu na gyara murya, na ce yau Faransancina zai yi wa Birni rana. Tambayar da aka ba ni in fassara ita ce: a ina ake sayar da matasan kai na fata masu kyau? Na fassara, babu kuskure ko ɗaya. Na raka su har rumfar dukawa, na taya su ciniki. A hanya wani saurayi daga cikinsu, ɗan ƙasarmu, mai ladabi, ya raɗa mini cewa, “Baba, kada ka ga laifinmu, an gama tsarin tun kafin mu taso.” Da na dawo, dattawan suna nan zaune. Ɗayansu ya ce, “Rabin-Komi, me suka ce a kanmu?” Na ce sun yaba da fatarmu.

Ban ce masana mugaye ba ne, kuma ban ce lissafinku kuskure ne ba. Kun ce ginin siminti ba ya son gyara kowace shekara, gaskiya ne. Ɗakin da likita ke yanka mutum bai kamata ƙasa ta riƙa zubo masa ba. 'Yata ta kwanta a irin wannan ɗaki ta tashi, ina gode wa Allah ina gode wa ilimi. Gada ma ba a yi ta da makuba. Amma ku da bakinku kuka ce kuɗin nan na samar da aiki ne. In haka ne, gyaran shekara-shekara da kuka rubuta a layin asara, shi ne abin da unguwa guda take ci. Kun auna ƙarfin katanga, kun auna tsawon rayuwar rufi. Wa aka sa ya auna gidaje nawa dala za ta kwana kafin ta fita gari? In akwai mai wannan aikin a cikinku, ranar nan bai shigo mota ba.

Na huɗu, maganar Ila, wadda ita ce ciwona. Sau biyu yana ɗaure kaya ina kwancewa. Na farko shekarar 'yanci, wani attajiri a Kano ya aiko yana neman magini mai iya ado a fuskar soro. Na ce, “Haba Ila, yanzu da ƙasar ta zama tamu za ka bar ta? Jira ka gani.” Na biyu bayan shelar rediyo, na dafa ƙirji na ce ni na ji da kunnena, kuma ni na iya harshen. Ya zauna. Yaron kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Yanzu yana toshe ramin ɓera a gidajen mutane, ana ba shi abin da aka ga dama, matarsa na daka wa maƙwabta. Rannan ya durƙusa a gabana ya ce, “Baba, wannan karon kada ka ce in jira, don in ka ce zan jira.”

Saboda haka ga roƙona, ba mai tsawo ba ne. A cikin ayyukan da suka rage, ku ware waɗanda ƙasa za ta iya: katangun kewaye, gidajen malaman lakwal, rumfunan kasuwa, ɗakunan ajiya. Ku ba maginan gari, injiniyanku ya tsaya a kansu ya ga sun bi ma'auni. Wanda ba shi da takarda, a gwada shi a kan katanga, in ya iya a rubuta masa ita a nan take. Samarinmu kuma a koya musu aikin siminti a shantiyen da ke ƙofar gidansu, don ni na gwada koya wa kaina kuma ka ji yadda aka ƙare. Sannan in za ku sake zuwa, ku zo kafin a gama tsarin, ku kwana biyu, ku sha furarmu. Ba mu ce ku bi maganarmu ba. Ku dai ji ta, ko da za ku ajiye.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, ya raya maka zuriya a kusa da kai. Allah ya zaunar da ƙasarmu, ya ba mu damina mai albarka, mu da ku.

Gero ya fara fitar da kai, girbi bai yi nisa ba. Shekarun da na sa Ila ya zauna jira bashi ne a wuyana, kuma ba irin wanda ake biya da dala ba ne. Da sunanku na ci shi, amma ni Ila ya ba. In amsarka ta zo da aiki kafin a ɗaure dammuna, na sami abin da zan fara biya da shi. In ba ta zo ba, ba zan sake cewa ya jira ba. Ni zan ɗauki ƙunshin kayan aikinsa a kaina in kai tasha, in ɗora jikokina a kamiyo ɗaya bayan ɗaya, in yi musu barkwanci har motar ta tashi.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Abdu ɗan Maina magini, Rabin-Komi,
Birni, Damagaram.